Gabar 'yan daba a New York a ƙarni na 19: daga gida aka zo da ita, ko birnin ne ya haife ta?

Hauwa'u ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Kwanakin nan ina karatu a kan unguwar Five Points ta birnin New York, wadda ta yi ƙaurin suna a tsakiyar ƙarni na 19 saboda talauci da cunkoso da faɗan 'yan daba, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda nake roƙon a warware mini. Mafi yawan mazauna unguwar a lokacin baƙi ne 'yan ƙasar Ailan, waɗanda yunwa ta koro bayan cuta ta faɗa wa dankalin da suka dogara da shi tun daga shekarar 1845. Mutane ne da suka binne iyaye da 'ya'ya, suka tsallake teku da ƙyar, suka sauka a ƙasar da ba a maraba da addininsu na Katolika. Hankalina yana ba ni cewa masu irin wannan hali, idan suka haɗu a baƙon wuri, rufa wa juna asiri za su yi. Amma abin da nake ta cin karo da shi sunayen ƙungiyoyi ne irin su Dead Rabbits da Bowery Boys, da labarin an daki wane, mutanensa sun rama, an kashe wane, an sake ramawa.

Tambayata ita ce, wannan gaba da ramuwar gayya, shin daga ƙauyukan Ailan suka taho da ita cikin kayansu, ko kuwa birnin ne ya koya musu? Kuma me ya hana wanda aka zalunta ya kai ƙara gaban hukuma, alhali akwai 'yan sanda da kotuna a garin?

Malam Isiyaku ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Ina ganin hanya mafi sauƙi ita ce mu ɗauki gaba guda ɗaya wadda aka san farkonta da ƙarshenta, mu bi ta daki-daki, domin abin da kike tambaya duk yana cikinta.

William Poole mahauci ne a kasuwar Washington, haifaffen New Jersey, kuma gogaggen ɗan dambe wanda ba ya bin ƙa'ida idan faɗa ya kaure. Yana cikin jiga-jigan 'yan bangar masu ra'ayin cewa Amurka ta haifaffun Amurka ce mabiya ɗarikar Furotesta, waɗanda aka fi sani da Know Nothing. Abokin gabarsa John Morrissey an haife shi a Templemore da ke yankin Tipperary na ƙasar Ailan a 1831, ya tashi a garin Troy na jihar New York, ya zama zakaran dambe a 1853, kuma ƙarfinsa yana wajen Tammany Hall, wato gidan siyasar jam'iyyar Dimokurat da ke riƙe da ƙuri'un baƙi. Tun kafin su taɓa juna, aikinsu ya riga ya haɗa su gaba, domin kowannensu ana biyansa ne ya tsare akwatin zaɓe ga nasa, ya kori masu zaɓen ɗaya ɓangaren.

A watan Yulin 1854 suka yi alƙawarin haɗuwa a bakin ruwa, a ƙarshen titin Amos, kuma a gaban jama'a Poole ya kayar da Morrissey ya yi masa dukan kawo wuƙa. Ki lura da wannan, domin ga mutumin da duk abincinsa ya rataya a kan tsoron da ake ji masa, kayen da aka yi masa a bainar jama'a daidai yake da ƙone masa rumfa a kasuwa. Idan bai rama ba, babu ɗan siyasar da zai sake nemansa, kuma yaransa za su watse su bi wani. Watanni bakwai bayan haka, a daren 24 ga Fabrairun 1855, suka sake haɗuwa a mashayar Stanwix Hall da ke titin Broadway, aka yi cacar baki har 'yan sanda suka fitar da Morrissey. Can cikin dare mutanensa suka dawo ba tare da shi ba, kuma ɗaya daga cikinsu, Lewis Baker, wanda tsohon ɗan sanda ne, ya harbi Poole a ƙirji. Poole bai cika ba sai ranar 8 ga Maris, kuma jaridu suka buga cewa kalamansa na ƙarshe su ne yana mutuwa ne a matsayin Ba'amurke na gaskiya. Dubban mutane suka raka gawarsa, 'yan Know Nothing suka mai da mutumin da ya ƙare rayuwarsa a rigimar mashaya gwarzon da baƙi suka kashe, suka ci kasuwar siyasa da jana'izarsa.

Yanzu ga amsar tambayarki ta biyu. Baker ya gudu cikin jirgin ruwa zuwa tsibiran Kanari, aka bi shi da wani jirgi mai sauri mai suna Grapeshot, aka kamo shi kafin ya sauka. Sau uku ana gurfanar da shi, kuma a duk ukun masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya, daga ƙarshe aka sallame shi. Morrissey kuwa ba a taɓa hukunta shi a kan wannan kisa ba. Ya buɗe gidajen caca, ya kafa filin sukuwa a Saratoga a 1863, sannan ya zauna a majalisar wakilan Amurka daga 1867 zuwa 1871. Duk yaron da ke zaune a Five Points yana ganin wannan da idonsa, kuma darasin da zai ɗauka a bayyane yake: shari'a tana bin wanda yake da uban gida, kuma hanyar samun uban gida ita ce a san ka da ƙarfin damtse. Saboda haka ni a ganina birnin ne ya reni wannan gaba, domin shi ne yake biyan ladanta.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Malam Isiyaku ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin ya sauke wa Ailan nauyi fiye da kima. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Labarin Poole da Morrissey labari ne na ɗan ƙasa da baƙo, alhali abin da ya fi damun 'yata Hauwa'u shi ne yadda baƙi suke far wa junansu, kuma wannan yana da tushe tun kafin a hau jirgi.

A karkarar kudancin Ailan, a farkon ƙarni na 19, akwai tsohuwar al'ada ta faɗan gungu, inda dangi ko ƙauyuka biyu masu gadon gaba suke haɗuwa a ranar kasuwa ko ranar biki da sanduna, a gwabza har sai an ga jini. A Tipperary da Waterford an san gungun Caravats da na Shanavests, kuma a ranar 24 ga Yunin 1834, a bakin ruwan Ballyeagh da ke yankin Kerry, an yi karon da ya fi kowanne muni tsakanin gungun Cooleens da gungun Lawlor da Mulvihill, inda mutane da dama suka mutu, wasunsu a ruwa lokacin da kwalekwalen da suka shiga don tsira ya kife. Talakan Ailan na wancan zamani yana ganin kotu a matsayin kotun mai gonar da yake haya, kuma ta Ingila ce, don haka mai kai ƙara ko mai ba da shaida abin ƙyama ne a idon jama'arsa. Wanda ya girma a cikin wannan tarbiyya ba zai zubar da ita a tashar jirgi ba.

Shaidar cewa an tsallaka da ita kuwa ita ce, a watan Janairun wannan shekara ta 1834, leburori 'yan Ailan masu haƙa magudanar jiragen ruwa ta Chesapeake da Ohio, kusa da Williamsport a jihar Maryland, suka rabu gida biyu, mutanen yankin Cork a gefe guda, mutanen yankin Longford a ɗaya gefen, suka yi ta kashe juna har sai da Shugaba Andrew Jackson ya tura sojojin tarayya. A Five Points ɗin ma zaman bai kasance na haɗin gambiza ba. Dubban talakawan da aka kwashe daga gonakin wani babban mai ƙasa, Lansdowne, a Kenmare ta yankin Kerry wajajen 1851, aka biya musu kuɗin jirgi domin a rabu da su, da yawansu sun taru ne a 'yan gidaje kaɗan a titunan Orange da Anthony, mutanen yankin Sligo na Ailan kuma suna da nasu lungun. Mutum yana samun ɗaki ta hannun ɗan garinsu, ya samu aikin dako ta hannunsa, ya sha a mashayarsa, ya auri ƙanwarsa. Wanda ya taɓa ɗan garinku ya taɓa rufin ɗakinka da tukunyar gidanka, kuma abin da ke ba ni tausayi shi ne, zumuncin nan da ya hana su mutuwa da yunwa a baƙon gari, shi ne dai ya wajabta musu shiga rigimar da ba su san mafarinta ba.

Hauwa'u ta rubuta:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Amma yanzu sai na ga kamar kun ba ni amsoshi biyu masu karo da juna. To, babban faɗan nan na watan Yulin 1857, wanda ake cewa Dead Rabbits 'yan Ailan ne suka kara da Bowery Boys 'yan ƙasa, a wane ɓangare zai faɗa? Na ɗauka ramuwar kisan Poole ce, tunda shekara biyu ce kawai a tsakani.

Malam Sanusi ya rubuta:

Ƙanwata Hauwa'u, wannan zato naki mutane da yawa suna yin sa, kuma marubutan baya da suka fi son labari mai daɗi su ne suka shuka shi. Faɗan 1857 yana da nasa dalilin, kuma idan aka duba shi da kyau za a ga maganar Malam Isiyaku da ta Hajiya ba su yi karo ba.

A farkon wannan shekara majalisar jihar New York, wadda ke hannun 'yan Rifablikan, ta yi doka ta ƙwace 'yan sandan birnin daga hannun magajin gari Fernando Wood, ta kafa sabuwar runduna a ƙarƙashin hukumar da gwamna ke naɗawa. Ta kuma tsaurara dokar sayar da giya, har da rufe mashaya ranar Lahadi. Wood ya ƙi miƙa wuya, aka wayi gari birni ɗaya yana da rundunonin 'yan sanda biyu, har a ranar 16 ga Yuni suka daki juna da kulake a ƙofar fadar magajin gari. A farkon Yuli kotu ta tabbatar da dokar, Wood ya rushe tasa rundunar. Ga mutanen Five Points wannan ba maganar tsarin mulki ba ce. Aikin ɗan sanda yana cikin ayyuka ƙalilan masu albashi tsayayye da ɗan Ailan yake iya samu, kuma sabuwar rundunar ba ta da niyyar ɗaukarsu. Mashaya kuwa ita ce majalisarsu, nan ake neman aiki, nan ake cin bashi, nan ake tsayar da ɗan takara.

Da asubahin 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kai, wasu samarin unguwar suka far wa sababbin 'yan sandan, waɗanda suka gudu suka fake a wata mashaya a titin Bowery, matattarar mutanen Pat Mathews. Da yamma faɗa ya koma titin Bayard, aka tare hanya da amalanke da ganguna, ana jifa da bulo daga saman gidaje, daga baya aka fito da bindigogi. Sai da aka kira dakarun jiha kafin ƙura ta lafa washegari, kuma ƙidayar waɗanda suka mutu tana tsakanin 8 da 12.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, masanin tarihi Tyler Anbinder, wanda ya bi jaridun lokacin da takardun unguwar, ya nuna cewa Mathews ɗin nan da ke jagorantar Bowery Boys a wannan rana shi ma ɗan Ailan ne, haka kuma da yawa daga cikin yaransa. Rigimar ta ginu ne a kan tsohuwar hamayya tsakanin ɓangarori biyu na jam'iyyar Dimokurat a kan wanda zai riƙe mazaɓa ta shida, inda Five Points take, ɓangaren Matthew Brennan da ɓangaren Mathews da James Kerrigan. Hatta sunan Dead Rabbits, wato matattun zomaye, mazauna unguwar sun musanta shi a jaridu, suka ce ƙungiyarsu Roche Guard ce, wadda ta ci sunan wani mai mashaya. 'Yan jarida ne suka ga sunan zomaye ya fi sayar da takarda, kuma shi ne ya rayu har yau.

Haka abin yake a wajen 'yan kwana-kwana. Kafin 1865 masu kashe gobara a New York 'yan sa-kai ne, kowace unguwa da ƙungiyarta, kuma an sha ganin ƙungiyoyi biyu suna dambe a kan famfon ruwa gida yana ci da wuta. William Tweed, wanda daga baya ya mallaki Tammany Hall, daga shugabancin irin wannan ƙungiya ya fara hawa. Saboda haka abin da na fahimta shi ne, baƙi sun zo da ɗabi'ar tsayawa wa ɗan gari da ƙin kai ƙara, kamar yadda Hajiya ta faɗa, amma abin da ake faɗa a kansa ya canja. A Kerry ana faɗa ne a kan martabar dangi, a New York kuwa ana faɗa a kan aikin ɗan sanda, da lasisin mashaya, da kujerar kansila, kuma akwai manya a sama da suke amfana idan wutar ba ta mutu ba. Wani abu kuma da bai kamata a manta ba shi ne, mafi yawan mazauna Five Points ba su taɓa ɗaga sanda ba. Littattafan ajiya na bankin Emigrant Savings, wanda aka kafa a 1850, cike suke da sunayen leburori da masu wanki da 'yan talla na wannan unguwa, suna tara kuɗi kaɗan-kaɗan suna aika wa na gida kuɗin jirgi.

Abdulƙadir ya rubuta:

Malamai sun yi maganar 'yan Ailan, ni kuma ina so in ƙara ƙarfi a kan tambayar Malama Hauwa'u ta biyu, domin wasu baƙin ba ƙin kotu suka yi ba, kotun ce ta rufe musu ƙofa. A 1854 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta soke hukuncin da aka yanke wa wani Bature mai suna George Hall, wanda ya kashe wani Basine mai haƙar zinariya, bisa hujjar cewa ba a karɓar shaidar Basine a kan Bature. Mutanen da aka gaya musu haka a fili, ba abin mamaki ba ne idan suka koma ga ƙungiyoyinsu na asiri da ake kira tong, waɗanda daga baya suka riƙa kashe juna a San Francisco a kan gidajen caca da fataucin mata.

A New Orleans kuma iyalai biyu 'yan tsibirin Sisili na Italiya, Provenzano da Matranga, sun yi gaba a kan kwangilar sauke 'ya'yan itatuwa a tashar jiragen ruwa. An harbe shugaban 'yan sandan birnin, David Hennessy, a daren 15 ga Oktoban 1890, aka ɗora laifin a kan 'yan Italiya, aka gurfanar da mutum tara, kuma ba a samu ko ɗaya da laifi ba. Washegarin hukuncin, ranar 14 ga Maris 1891, dubban mutanen gari, da jagorancin lauyoyi da masu faɗa-a-ji, suka fasa kurkuku suka kashe 'yan Italiya 11. Ba a hukunta kowa ba, illa dai gwamnatin Amurka ta biya diyyar dala 25,000 bayan Italiya ta janye jakadanta. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma a wannan karo 'yan ƙasa masu zargin baƙi da ɗaukar doka a hannu su ne suka yi ramuwar da ta fi kowace muni. Ina jin zafin wannan labari duk lokacin da na tuna shi, domin wasu daga cikin waɗanda aka kashe ko gaban alƙali ba a kai su ba tukuna.

Hauwa'u ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura abu ɗaya, Malam Isiyaku: ta yaya gabar ta Five Points ta ƙare? An yi sulhu ne?

Malam Isiyaku ya rubuta:

Babu wanda ya zauna ya sasanta kowa, Malama, kuma kafin abin ya lafa sai da ya ƙara muni. A watan Yulin 1863, lokacin yaƙin basasa, dokar tilasta shiga soja ta ba mai dala 300 damar fansar kansa, talakawan birnin, akasarinsu 'yan Ailan, suka yi bore na kwana huɗu, suka huce haushinsu a kan baƙar fata waɗanda ba su da hannu a dokar, suka ƙone gidan marayunsu, suka rataye wasu a tituna, kuma fiye da mutum 100 suka mutu. Wanda aka zalunta jiya ya sami wanda ya fi shi rauni, kuma wannan tabo ne da ba za a share daga tarihinsu ba. A ranar 12 ga Yulin 1871 kuma, gabar Katolika da Furotesta ta Ailan, wadda ita kam babu shakka daga gida aka zo da ita, ta jawo mutuwar fiye da mutum 60 a wajen wani jerin gwano, mafi yawansu da harsashin dakarun jiha.

Abin da ya rage wutar shi ne ladan ya koma wani wuri. A 1865 aka rushe ƙungiyoyin kwana-kwana na sa-kai aka kafa ma'aikata masu albashi. Bayan faɗuwar Tweed, John Kelly, ɗan Katolika mai asali daga Ailan, ya karɓi ragamar Tammany Hall a 1872, kuma a 1880 aka zaɓi William Grace, haifaffen Ailan, magajin gari. 'Ya'yan masu jifa da bulo a titin Bayard suka zama 'yan sanda da 'yan kwangila, suka tashi daga unguwar. Gidajen dai ba su zauna babu kowa ba, domin 'yan Italiya da Sinawa sun maye gurbinsu, Yahudawan gabashin Turai kuma suka cika unguwannin da ke maƙwabtaka, har aka rushe lungun Mulberry Bend na unguwar aka mai da shi wurin shaƙatawa a 1897. A farkon ƙarni na 20, babbar dabar da ke ɗauke da sunan Five Points tana hannun wani ɗan dambe mai asali daga Italiya, Paolo Vaccarelli, wanda yake gaba da dabar Monk Eastman, yake kuma yi wa Tammany Hall aiki a ranar zaɓe. Domin ya samu shiga a wajen manyan Tammany Hall, sai ya ajiye sunan mahaifinsa ya ɗauki na 'yan Ailan, ya koma Paul Kelly.